Na sa masa ruwa leda biyu ya farfaɗo, bayan awa uku ya rasu: Likita, ni na kashe shi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita. Ni jami'ar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti da ke bakin titi a jihar Jigawa, shekarata shida ina aiki. Makonni uku da suka wuce aka kawo mana wani saurayi ɗan acaɓa, mota ta buge shi bayan la'asar. Da ƙafarsa ya shigo. In ban da ƙujewa a gwiwar hannu da gefen cikinsa na hagu, babu wani ciwo a waje. Yana ta cewa ƙishirwa yake ji, kuma kafaɗarsa ta hagu tana ciwo. BP ɗinsa, wato awon hawan jini, 110/70, bugun zuciya 118 a minti ɗaya. Na ce a wuce da shi babban asibiti, yayyensa suka ce a fara sa masa ruwa tukuna ya dawo hayyacinsa. Na sa masa leda biyu, ya wartsake har ya yi waya da mahaifiyarsa. Wajen isha'i jikinsa ya yi sanyi, ya fara sambatu. Motar asibitinmu babu mai, direban ma ya tashi. Kafin a samo motar haya a kai shi, rai ya yi halinsa a hanya. Tun ranar barci ya ƙaurace mini. Likita, ni na kashe shi? Kuma waɗannan sababbin tsare-tsaren agajin gaggawa da muke ji a rediyo, lambar 112 da sauransu, me suka tsinana wa irin wurinmu?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan wannan yaro, ya ba mahaifiyarsa haƙuri, ke ma ya sanyaya miki zuciya. Malama, ba ke kika kashe shi ba. Mota ce ta fasa masa wani abu a ciki, kuma tun farko kin faɗi daidai da kika ce a wuce da shi. Amma tunda tsakaninki da Allah kika tambaye ni, ba zan rufe ki ba. Awa ukun nan da ya yi kwance a wurinku su ne awannin da ake iya ceto irinsa a cikinsu, kuma abin da ya cinye su shi ne ledar ruwan nan.

Duba lambobin da kika ba ni. Bugu a gefen ciki na hagu, ciwon kafaɗar hagu alhali kafaɗar lafiyarta ƙalau, ƙishirwa, zuciya na gudu 118. Wannan hoton saifa ce da ta fashe. Jinin da ya taru a ƙarƙashin tantanin da ya raba ƙirji da ciki shi ke sa ciwon ya fito a kafaɗa. BP ɗin ne ya yaudare ki, kuma yana yaudarar waɗanda suka fi ki daɗewa a aiki. Saurayi mai jini a jika jijiyoyinsa sukan matse su riƙe BP har sai ya zubar da kusan kashi 30 cikin ɗari na jininsa, wato kamar lita ɗaya da rabi daga cikin lita biyar da ke jikin baligi. Kafin lambar ta faɗi, an yi nisa. Ki riƙa raba bugun zuciya da lambar BP ta sama: 118 a raba da 110 ya haura 1. Lafiyayyen mutum yakan tsaya tsakanin 0.5 da 0.7. Duk wanda ya yi haɗari kika ga lissafinsa ya kusa 1 ko ya wuce, jini yake zubarwa har sai an tabbatar ba haka ba ne, ko da yana zaune yana gaishe ki. Kada ki dogara da PCV ma, wato gwajin yawan jini, domin a awannin farko jini da ruwansa tare suke fita, sai sakamakon ya fito kamar ba abin da ya faru. Yara da masu juna biyu sun fi kowa ɓoye wannan hali.

Yanzu bari in tsaya a kan maganar "a sa masa ruwa", domin babu kalmar da ta fi ta ci mini tuwo a ƙwarya a ɗakin imajensi. Kusan kullum sai na ji ta. Mutanenmu sun ɗauki ledar ruwa tamkar ita ce asibitin gaba ɗaya. In an rataya ta, an yi wa mara lafiya komai. In ba a rataya ba, likita bai san aikinsa ba ko kuma ya raina talaka. Wannan imani ya samo asali daga gaskiya, shi ya sa yake da wuyar kankarewa. Kowa ya taɓa ganin mai amai da gudawa da idanunsa suka zurma, aka sa masa ruwa ya tashi ya zauna. A kwalara ruwa ne ya fita, ruwa aka mayar, magani ya dace da ciwo. Wanda wuta ta ƙona sosai shi ma ruwa yake buƙata, da yawa kuwa. Amma wanda saifarsa ko hantarsa ta fashe jini ne yake fita, kuma ƙofar da yake fita ta nan tana buɗe. Tulu ne ya tsage a gindi, mutane sun kewaye shi suna ɗura ruwa ta baki suna murna ya cika.

Ruwan gishirin da ke cikin leda ba ya ɗaukar iskar oksijin, ba shi da ko ƙwaya ɗaya ta abin da ke daskarar da jini. Kashi ɗaya cikin huɗu ko ƙasa da haka ne ke zama a jijiya bayan kamar awa guda, sauran ya tsiyaye cikin tsoka. Abin da yake yi shi ne ya ɗaga BP na ɗan lokaci, ƙwaƙwalwa ta ɗan samu, mara lafiya ya buɗe ido ya nemi wayarsa. Wannan farfaɗowar ita ce tarkon. 'Yan'uwa su ce alhamdulillahi, wanda ya tafi neman mota a kira shi ya dawo, a aika gida cewa da sauƙi. A can ciki kuwa abubuwa uku ne ke faruwa. Jiki ya riga ya yi ɗan faci da gudan jini a bakin raunin, kuma saukar BP ce ke taimaka wa facin ya zauna. Da aka ɗaga matsin da ƙarfi sai facin ya ɓalle, kamar tayar da aka yi wa faci aka ɗura mata iska kafin gam ya kama. Jinin da ya rage kuma ya tsinke, kamar kunun da aka yi ta ƙara wa ruwa, ya daina kamawa. Sannan ledar da ta fi jikin mutum sanyi tana ƙara sanyaya shi, jinin da ya yi sanyi kuwa ba ya daskarewa yadda ya kamata. In aka haɗa da bokitin ruwan da mutane suka riga suka sheƙa masa a bakin titi don ya farfaɗo, sai abin ya taru ya yi masa yawa.

Wannan ba ra'ayina ba ne ni kaɗai. Tun 1994 aka buga wani bincike da aka yi a birnin Houston na Amurka a kan mutum 598 da aka harba ko aka soka a ƙirji ko ciki, BP ɗinsu ya faɗi. Waɗanda aka jinkirta ba su ruwa har aka shiga tiyata, kashi 70 cikin ɗari suka rayu. Waɗanda aka ɗura musu tun daga hanya, kashi 62. Daga nan tunanin likitocin haɗari ya fara juyawa. Kwas ɗin ATLS na kula da masu mummunan rauni da ake koya mana, wanda a da yake cewa a fara da lita biyu, a bugunsa na 2018 ya rage zuwa lita ɗaya, ya ce a gaggauta kawo jini. Leda biyun da kika sa, in ta rabin lita ce, lita ɗaya ke nan, ba ki wuce gona da iri ba. Zaman da ruwan ya jawo shi ne ya yi ɓarnar. Da a cikin mota aka rataya ledar ana tafe, da labarin ya iya zama daban.

Ni kuwa na ga waɗanda suka wuce gona da iri. Akwai wani dare da aka shigo mana da wani magidanci a adaidaita sahu, ƙanensa ya ɗaga hannu sama yana riƙe da ledar da ta riga ta ƙare, jini ya biyo robar ya dawo. Hannayensa duka biyu filasta ce, wurin kanula uku, wato 'yar robar da ake sakawa a jijiya don ƙarin ruwa. Tun hantsi katanga ta faɗo masa. An kai shi wani kemis, aka shigar da shi ɗakin baya, aka rataya leda a ƙusa. Ƙanen ya lissafa mini da yatsu, leda shida, biyu daga ciki "mai ruwan ɗorawa", yana faɗa yana jinjina kai don in san ba su yi ƙwauron kuɗi ba. Ruwan ɗorawar nan sinadarin bitamin ne ake tsiyayawa a ciki ya canza launi, a ƙara farashi. An kuma yi masa allurar diclofenac sau biyu, maganin da ke rage ƙarfin daskarewar jini, yake kuma bugun ƙodar da dama jini bai ishe ta ba. Cikinsa ya yi tauri kamar ganga, leɓɓansa fari fat. Da aka buɗe shi a tiyata, abin da ya malalo ya yi tsululu kamar zoɓon da aka cika wa ruwa, duk inda aka ɗinke sai ya ci gaba da tsattsafowa. Bai kai asuba ba. Awa goma sha ɗaya ya yi yana hannun mutane, kuma tsakanin kemis ɗin da asibitin ba a fi tafiyar minti ashirin ba.

Ina jin zafin masu irin wannan sana'a ƙwarai, kuma ba na ɓoyewa. Mutumin da lasisinsa na sayar da maganin da ba ya buƙatar takardar likita ne, ya kafa gado a bayan kanti yana karɓar wanda mota ta buge, yana lissafin leda-leda, wallahi yana cin kuɗin jini. Ya san ba shi da tiyata, ya san ba shi da jini ko leda ɗaya, ya san in abin ya ƙwace zai ce "ku yi maza ku kai shi asibiti" don kada ya mutu a shagonsa. Sai gawar ta zama tamu, mutane su ce ai da aka kai shi asibiti ne ya mutu, gobe su ƙara komawa kemis. Haka ma wanda ake ɗauka daga wurin haɗari kai tsaye zuwa wurin mai ɗori saboda an ga cinya ta karye. Ƙashin cinya ɗaya yana iya ɓoye jini lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a cikin tsoka, ƙashin ƙugu kuwa ya fi haka nesa. Ana can ana ja ana murzawa, mutum yana ƙarewa ta ciki. Sai kuma masu ɗura wa wanda ya yi haɗari lemon malt da madarar gwangwani wai yana ƙara jini. Ba ya ƙara ko ɗigo a wannan lokacin, cika ciki kawai yake yi, in aka zo ba da maganin barci a tiyata ya amayo abin ya gangara huhu. Ƙishirwar da yake kuka da ita alamar zubar jini ce. A jiƙa masa leɓe da auduga, a bar shi haka.

Kada ki fahimce ni a kan an hana sa ruwa. Ki sa kanula babba, biyu in da hali, domin nan da awa ɗaya jijiyar za ta ɓuya. In kina jin bugu a wuyan hannunsa kuma yana amsa magana, ki bar ledar tana ɗiga a hankali. In bugun ya ɓace, ki ba da 250 ml, ki sake taɓawa, ya dawo ki rage. Wanda ya bugu a kai hukuncinsa daban ne, ƙwaƙwalwar da ta kumbura ba ta jure saukar BP, shi kam kada a bar BP ɗinsa ya sauka. Amma duk wannan a cikin mota za a yi shi. Jinin da ake gani a waje ki danne shi da ƙarfi, kada ki riƙa ɗagawa kina leƙawa. In hannu ne ko ƙafa kuma dannewa ta gaza, ki ɗaure sama da raunin da abu mai faɗi har jinin ya tsaya, ki rubuta lokacin. In kina zargin ƙashin ƙugu ya karye, zanin ɗaurawa ya isa: ki naɗe shi ya yi faɗin tafin hannu biyu, ki zura ta ƙarƙashinsa daidai inda ƙashin cinya ya turo a gefe, ƙasa da inda ake ɗaura mazagi, mutum biyu su ja, a ƙulle, a haɗa ƙafafun a ɗaure. Ki cire masa jiƙaƙƙun kaya ki lulluɓe shi da bargo ko da ana zafin bazara.

Sabon abin da na fi so ya iso irin asibitinku kuwa wata 'yar kwalbar allura ce mai suna tranexamic acid. Tana hana gudan jinin da jiki ya yi narkewa. Binciken CRASH-2 da aka buga a 2010, a kan mutum sama da 20,000 a ƙasashe 40 har da Najeriya, ya nuna in aka ba da ita cikin awar farko tana rage mutuwa ta zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku. Giram ɗaya ne ta jijiya cikin minti goma, sannan wani giram ɗin cikin awa takwas. Ba ta son jinkiri: kowane minti 15 da aka ɓata amfaninta yana raguwa da kamar kashi 10 cikin ɗari, bayan awa uku kuwa ba a ba da ita don ta daina amfani, tana ma iya cutarwa. Ba ta buƙatar firji. Wataƙila ma tana nan a ɗakin haihuwarku, tunda binciken WOMAN na 2017 ya sa an shigar da ita cikin maganin zubar jini bayan haihuwa. Ki nemi likitan da ke kula da ƙaramar hukumarku ya rubuta muku izini da ƙa'idar amfani da ita ga waɗanda suka yi haɗari.

Kin tambayi tsare-tsaren da ake faɗa a rediyo. Suna nan, kuma a takarda sun yi kyau. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga asusun kula da lafiya a matakin farko, kashi 5 na wannan asusu kuma na agajin gaggawa ne. Da shi aka ɗora tsarin NEMSAS da aka ƙaddamar a 2022, wanda manufarsa ita ce a kira, mota ta zo, a yi wa mutum magani na awa 48 na farko ba tare da an ce ya ajiye kuɗi ba, gwamnati ta biya asibitin daga baya. Kowace jiha ce ke kafa nata reshen ta yi wa asibitoci da motoci rajista, don haka ki je sashen lafiya na ƙaramar hukumarku ki tambaya ko motarku da asibitin da kuke turawa suna ciki. Lambar 112 kyauta ce a kowane layi, 122 kuma ta hukumar kiyaye haɗurra ce, wadda ke da motocin agaji a wasu wurare a manyan hanyoyi. Ki kira su duk lokacin da abu ya faru, amma kina kira kina neman wata motar.

Inda gizo ke saƙar shi ne mun ɗauka sayen mota shi ne agajin gaggawa. Ɗan siyasa ya sayo farar mota, a liƙa hotonsa a jiki, a yanke kyalle, a ajiye ta a gindin bishiya. Babu kasafin mai, babu silindar oksijin a ciki, direba ɗaya ne kuma yana tashi da la'asar, ba a horar da kowa ya zauna a baya da mara lafiya ba. A ƙarshe aikinta ya koma ɗaukar gawa, har mutane suna tsoron a sa ɗan'uwansu a ciki da ransa. Motarku da ba ta da mai ita ce wannan labarin. Legas ta kafa nata tsarin motocin tun 2001. Gana ta kafa hukumar motocin agaji ta ƙasa a 2004, bayan turmutsitsin filin ƙwallon Akara na 2001 da ya ci rai 126, kuma a 2020 ta raba motoci 307. Abin da ya ba nasu ƙarfi shi ne sun mayar da aikin cikin motar sana'a mai makaranta da albashi. Mu a nan, ranar da tankar mai ta fashe a Majiya ta jihar Jigawa cikin Oktoban 2024 mutum sama da 150 suka rasu, kowa ya ga yadda ƙonannu masu yawa a dare ɗaya suke fin ƙarfin asibitocin da ke kusa.

Akwai abubuwan da suke sa ni fata. A Kaduna tun 2022 kamfanin Zipline ke aika magani da rigakafi zuwa ƙananan asibitoci da jirage marasa matuƙa, irin waɗanda suka fara kai jini a Ruwanda a 2016. Akwai na'urar hoton ciki da ake jona wa wayar hannu, wadda cikin 'yan mintuna take nuna ko jini ya taru a ciki. Da akwai ta a wurinku, da kin juya wa yayyen yaron nan fuskar wayar sun gani da idonsu. Binciken E-MOTIVE na 2023, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororinsa, ya rage mummunar zubar jini bayan haihuwa da kashi 60 cikin ɗari, da wata leda mai ma'auni da ke nuna yawan jinin da ya zuba da kuma ba da magunguna gaba ɗaya a take. Darasinsa irin namu ne: a gane da wuri, kada a jira BP. Amma wanda ya fi dacewa da ke shi ne mafi arha. A arewacin Iraƙi da Kambodiya, inda nakiyoyi ke tashi da manoma nesa da asibiti, an horar da ma'aikatan lafiya na ƙauye da dubban mutanen gari daga 1997 zuwa 2001, mace-macen masu rauni suka sauko daga kusan kashi 40 zuwa kusan 15 cikin ɗari, ba tare da motar agaji ta zamani ba. A Gana an koya wa direbobin haya sama da 300 taimakon farko. A jihohinmu na Arewa ma an yi tsarin da direbobin ƙungiyar NURTW ke ɗaukar mata masu naƙuda zuwa asibiti ko da tsakar dare. Tasha tana kusa da ke. Ki je wurin shugaban tasha da mai unguwa da shugaban 'yan agajin masallaci, a samu direbobi uku da za a iya tasa kowane lokaci, lambobinsu a bango, a ajiye kuɗin mai na tafiya biyu a hannun amintacce wanda ba a taɓawa sai irin wannan rana.

Wani abin da ke sa mutane laɓewa a kemis shi ne tsoron "takardar 'yan sanda" da "sai an ajiye kuɗi". Raina yana ɓaci in na ji ma'aikacin lafiya yana furta wannan a bakin ƙofa mutum na zubar da jini a gabansa. Sashe na 20 na dokar 2014 ya hana kowane asibiti ko ma'aikaci ƙin ba da agajin gaggawa bisa kowane dalili, hukuncinsa tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun. Dokar 2017 ta waɗanda aka harba ta wajabta a karɓe su a fara magani da takarda ko babu, asibiti ne zai sanar da 'yan sanda cikin awa biyu da fara aikin, kuma ta ce a mutunta wanda ya taimaka ya kawo su. In wanda aka harba ma haka ne, ina ga ɗan acaɓan da mota ta buge? Ki buga waɗannan sassa biyu a takarda ki ba direbobinku su ajiye a mota.

Sauran magana ta 'yan'uwa ce. Na san yadda ake ji in maza huɗu suka tsaya a kan mace ɗaya a ƙaramin ɗaki suna cewa a sa ruwa. Ƙauna ce ta sa su, so suke su ga ana yin wani abu. To ki ba su abin yi. Kada ki ce musu "a'a", ki ce: "Zan sa, amma a mota. Ɗan'uwanku jini yake zubarwa a ciki, ba ruwa yake nema ba, jininku yake nema." Sau nawa muke shirya tiyata mu tsaya cirko-cirko saboda babu jini, ga dangi cike da baranda, kowa na cewa shi ma bai da isasshe, ana jiran a nemo na sayarwa? Lafiyayyen baligi ledar 450 ml ake ɗiba, ya sha shayi ya koma harkarsa. Muna karanta ayar Suratul Ma'ida cewa wanda ya raya rai ɗaya kamar ya raya mutane ne gaba ɗaya, muna kuma cika maƙabarta idan an yi rashi, har da masu zuwa daga wani gari. Wanda zai iya barin kasuwarsa ya raka gawa, ya ji tsoron Allah ya miƙa hannunsa tun mutumin yana numfashi. Ajali gaskiya ne, babu mai ja, amma an umurce mu da neman magani, kuma za a tambaye mu a kan sakacin da muka yi da sunan ƙaddara. Malamai su taimaka mana da wannan a mumbari.

Saboda haka in an sake kawo miki irinsa, kuma za a kawo tunda a bakin titi kike, ki ba kanki minti goma daga shigowa zuwa fita. A gaban mota a sa mutum biyu ko uku masu ƙarfi waɗanda za su ba da jini. Ki nemi lambar ɗakin imajensi na asibitin da yake da tiyata da ma'ajiyar jini, ko da akwai wani ƙarami da ya fi shi kusa, ki kira tun kafin motar ta tashi, ki faɗi abin da ya buge shi, inda ya bugu, bugun zuciya da BP da abin da kika ba shi. A saman takardar turawa ki rubuta lokacin da haɗarin ya faru da manyan baƙaƙe, domin da shi za mu san ko awa ukun allurar tranexamic acid sun wuce.